Yadda ake wuce matakin tsaka-tsaki a nahawu da kalmomin Koriyanci

Wannan bayani na wanda ya riga ya iya karanta Hangul, haruffan Koriyanci, ne, ya san gaisuwa, ya iya cewa ya ci abinci jiya kuma zai je kasuwa gobe, amma da ya buɗe labarin jarida mai layi biyar sai kansa ya ɗaure. Na ga ɗalibai da yawa sun tsaya cak a wannan wuri. Watannin farko suna gudu, domin haruffa 24 da ake amfani da su yau, daga cikin 28 da Sarki Sejong ya fitar wa jama'a a 1446, ba su da wuyar kamawa, daga nan sai su shekara suna tara dokokin nahawu a littafi ba tare da bakinsu ko idonsu ya ƙara sauri ba. Ni ma na yi wannan zaman. Abin da ya fitar da ni shi ne daina haddace doka ita kaɗai da fassararta, na koma koyon kowace doka a cikin cikakkiyar jimla, kusa da 'yar'uwarta da take kama da ita.

Kafin komai, idan har yanzu kana rubuta Koriyanci da haruffan boko a gefen takarda, ka daina yau. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Mataki na farko: koyi karanta jimla daga ƙarshe

Mu a Hausa aikatau yana zuwa da wuri, bayani ya biyo baya. Muna cewa "mutumin da na haɗu da shi jiya a kasuwa", mutumin ne a gaba, bayaninsa na bin sa. Bakoriye yana tara bayanin duka tukuna, sannan ya ajiye sunan a ƙarshe: 어제 시장에서 만난 사람. Jiya, a kasuwa, da aka haɗu, mutum. A gajeriyar jimla ba ka jin nauyin abin. A rubutun jarida kuwa, bayanin zai iya cin layi biyu kafin ka san a kan wa ake magana.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki fensir. Fara zuwa ƙarshen jimla ka ja layi ƙarƙashin aikatau na ƙarshe, shi ne uban tafiya. Dawo ka nemi suna mai ɗauke da 은/는 ko 이/가 da ya dace da wannan aikatau. Sai ka zagaye duk inda ka ga -는, -(으)ㄴ, -(으)ㄹ ko -던 a gaban suna, ka ja kibiya zuwa sunan. 먹는 사람 mai ci yanzu ne, 먹은 사람 wanda ya ci, 먹을 사람 wanda zai ci, 먹던 빵 kuma burodin da aka fara ci ba a gama ba. Jimla biyar a rana ta isa. Bayan sati uku ko huɗu za ka ga idonka ya fara jiran sunan da kansa, ba sai da fensir ba.

Akwai tarko a nan. Kalmomin sifa suna ɗaukar -(으)ㄴ ne ko da maganar ta yanzu ce: 좋은 사람, 작은 집. Na sha gyara wa mutane 좋는, babu wannan. Amma duk wadda ta ƙare da 있다 ko 없다 tana komawa -는, shi ya sa ake cewa 맛있는 음식.

Mataki na biyu: 은/는 da 이/가, ka nemo su a bakinka

Littattafan da aka rubuta wa masu jin Turanci suna ɓata shafuka a kan wannan, alhali Bahaushe yana da abin a harshensa. Aka tambaye ka 누가 왔어요, wa ya zo, amsa ita ce 아미나가 왔어요, wato "Amina ce ta zo". Idan ka ce 아미나는 왔어요, ka ce "Amina kam ta zo", sauran kuwa ba ka ɗauki alhakinsu ba. A irin wannan wuri 이/가 tana aikin "ne" da "ce" ɗinmu, 은/는 tana aikin "kam", "dai" da "kuwa". Ba ko'ina wannan ma'auni yake hawa daidai ba, misali a cikin bayanin da ke gaban suna 이/가 ake sawa, 제가 산 책, littafin da na saya. Amma zai raba ka da yawancin ruɗanin.

Mataki na uku: dangin "saboda"

Nan ne na faɗi, nan kuma nake ganin kowa yana faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa.

A littafina na wancan lokaci na jera -아서/어서, -(으)니까, -기 때문에, -느라고, -는 바람에, 덕분에, 탓에, kowacce na rubuta "saboda" a gabanta. Na haddace su tsaf. Wata rana muna tashi daga aji ana yayyafi, na so in nuna wa malamarmu kulawa, na ce mata 비가 와서 우산을 가져가세요, nufina ana ruwa, ki tafi da lema. Ta gane ni, ta gode, sannan ta ɗauki alli ta koma allo ta rubuta 비가 오니까 우산을 가져가세요. Ta ce idan abin da ke biyo baya umarni ne, ko roƙo, ko "mu yi kaza", -아서 ba ta shiga, sai -(으)니까. Wata shida ina ɗauke da waɗannan biyun ban san haka ba, domin fassara ɗaya na ba su.

To ga yadda nake so ka jera su, biyu-biyu, kowacce da jimlarta da kuma abin da ta haramta.

-아서/어서 ta dalili ce mai sanyi, wanda kowa zai yarda da shi. Ita ake ba da haƙuri da ita, ita ake godiya da ita: 늦어서 죄송합니다, a yi haƙuri na makara, 와 주셔서 감사합니다, na gode da zuwa. Idan ka sa -(으)니까 a wurin ban-haƙuri, maganar ta lalace, ta zama kamar kana kare kanka. Kuma -아서/어서 ba a sa mata alamar lokacin da ya wuce a gabanta. Jiya ka yi rashin lafiya ba ka je ba, 어제 아파서 못 갔어요 za ka ce, ba 아팠어서 ba. -(으)니까 kuwa tana karɓar alamar lokacin da ya wuce, kuma tana ɗauke da hukuncin mai magana, kamar mu ce "tunda". Tunda ka ci, tashi mu tafi: 먹었으니까 가자.

-느라고 ta wanda wani aiki ya cinye wa lokaci ce har ya rasa wani abu. 숙제하느라고 못 잤어요, aikin makaranta ya hana ni barci. Mai aikin farko da na biyu dole mutum ɗaya ne, kuma aikatau kawai take bi. -는 바람에 ta abin da ya faɗo ba zato ce, sakamakon kuma ya riga ya faru, galibi marar daɗi: 버스를 놓치는 바람에 늦었어요, mota ce ta wuce ni, shi ya sa na makara.

덕분에 da 탓에 su ne mafi sauƙi gare mu. Ta farko ita ce "albarkacin": 선생님 덕분에 합격했어요, albarkacin malam na ci jarrabawa. Ta biyu ɗora laifi ce. Kada ka haɗa 때문에 da mutumin da kake son gode wa, domin 너 때문에 a yawancin lokaci "kai ka jawo" take nufi.

Doka biyu a sati, ba fiye ba. Kowacce ka rubuta mata jimla biyar daga rayuwarka, wutar da aka ɗauke, layin mai, bikin ƙanwarka, ba jimlolin littafi ba. Sannan ka rubuta jimla ɗaya da gangan wadda ta karya dokar, ka ja mata jan layi. Wannan jan layin shi ke zama a ƙwaƙwalwa. Haka za ka yi wa dangin "amma" (-지만, -는데, -아도) da dangin "idan" (-(으)면, -다면, -거든).

Mataki na huɗu: kalmomi ta hanyar dangi

Fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Koriyanci daga Sinanci suka samo asali, kuma kowace gaɓa a cikinsu tana da ma'anarta. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya san irin wannan: hukunci, hukuma da hikima duk saiwarsu ɗaya a Larabci. Ɗauki 학, karatu. Daga ita ka samu 학교 makaranta, 학생 ɗalibi, 대학 jami'a, 방학 hutun makaranta, 유학 karatu a ƙasar waje, 장학금 kuɗin tallafin karatu. A cikin ta ƙarshen akwai 금, kuɗi, wadda za ka sake gani a 요금 kuɗin amfani da abu, 세금 haraji, 현금 tsabar kuɗi. Ba na ce ka koyi rubuta haruffan Sinanci ba, ɓata lokaci ne a wannan mataki. Ma'anar gaɓar kawai ka riƙe, kuma ka lura cewa gaɓa ɗaya a Hangul tana iya wakiltar asali daban-daban, don haka ka duba ƙamus kafin ka haɗa zumunci.

Kalmomin Koriyanci na asali kuwa da abokan tafiyarsu ake kama su. Mu "sa" muke cewa ga riga, takalmi, hula da zobe. Su riga 입다, takalmi da safa 신다, hula da tabarau 쓰다, zobe da safar hannu 끼다, agogo 차다. Idan ka rubuta 신다 kaɗai a kati, ka yi rabin aiki. Rubuta 신발을 신다.

Ni Anki nake amfani da ita, manhajar katunan hadda, kyauta ce a wayar Android kuma tana aiki babu data. Kada ka sauke katunan da wani ya haɗa guda dubu biyar, ba za ka gama ba, kuma ba kalmominka ba ne. Kalma goma a rana daga abin da ka karanta da idonka, kowacce cikin jimlar da ka tsince ta. Wajen ƙamus, na Naver ya wadatar, akwai kuma 한국어기초사전 na hukumar kula da harshen Koriya, kyauta a intanet, yana ba da bayani da Larabci da Faransanci ban da Turanci, abin da zai yi wa 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram amfani sosai. Duk aikatau da ka shigar, ka rubuta shi da siffarsa ta -아요/어요 a gefe, domin 듣다 tana zama 들어요 amma 닫다 tana nan 닫아요, 덥다 ta zama 더워요 amma 입다 tana nan 입어요. Ido ba ya rarrabe su, sai hadda.

Mataki na biyar: "wai"

Koriyawa suna yawan ba da labarin abin da wani ya ce a hirarsu, kuma a gajarce suke yi. 내일 비가 온대요, wai gobe za a yi ruwa. 빨리 오래요, wai ka zo da sauri. 같이 가재요, wai mu tafi tare. Koyi dogayen siffofin da farko, -다고, -냐고, -자고, -(으)라고, sati ɗaya, sannan ka gajarce su. Abu ɗaya ka kiyaye wajen ba da labarin wanda ya ce a ba da wani abu: idan mai roƙon kansa yake roƙa wa, 달라고 ake cewa, idan wani yake so a ba, 주라고.

Girmamawa ba za ta ba Bahaushe wuya ba, mun saba ba ma kiran babba da gatsal. Haddace 'yan kalmomin da ke canzawa gaba ɗaya, 드시다, 주무시다, 계시다, 드리다, 연세, 댁, kuma kada ka taɓa sa alamar girmamawa -시- a kan aikinka na kanka. Maganar da ke fina-finai yawancinta 반말 ce, ta tsakanin abokai da ta manya ga yara. Kalli fim don kunne, amma kada ka ɗauko ta ka kai wa malami.

Mataki na ƙarshe: rubutu da jarrabawa

Idan TOPIK II kake nufi, wato babban sashen jarrabawar ƙwarewa a Koriyanci, maki 300 ne, sauraro, rubutu da karatu kowanne 100. Da 120 ka samu mataki na 3, da 150 na 4. Mataki na 3 shi ake nema daga waɗanda suka samu tallafin karatu na gwamnatin Koriya, GKS, bayan shekarar koyon harshe kafin su shiga digiri. Rubutu ne ke kayar da mutanenmu, minti 50 kacal, tambaya huɗu, masu lamba 51 zuwa 54. Ta 53 tana son gaɓa 200 zuwa 300 a kan jadawali, ta 54 kuma 600 zuwa 700 a kan wani batu, duka biyun da salon rubutu, 간다, 먹는다, 좋다, 학생이다, ba 가요 ko 갑니다 ba. Fara rubuta abin da ya faru a yininka da wannan salon tun yanzu, layi shida kowane dare. Tsofaffin takardun jarrabawar suna nan a shafin TOPIK tare da sautinsu, ka sauke su da datar dare, ka buga takardar rubutu mai gida-gida ka saba da sa gaɓa ɗaya a gida ɗaya da barin gida tsakanin kalmomi. Wanda ke kusa da Abuja ya leƙa Cibiyar Al'adun Koriya, wadda aka buɗe a 2010, suna da azuzuwan harshe. Wanda ke nesa ya nemi mutum ɗaya da ya fi shi, ya riƙa tura masa rubutu ɗaya duk Juma'a, kuma ya sake kwafe gyararren da hannunsa kafin ya fara sabo.