Yadda za ka gane ƙaryar maleji bayan ka sa wa mota manyan tayoyi

Masu Hilux da akori-kura na ƙauyukanmu, daga Gaya har Kafin Hausa, da damina ta kawo kai sai kowa ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman taya mai tsayi don kar cikin mota ya riƙa gugar ƙasa, hakan ba laifi ba ne, amma bayan sati biyu sai ka ji ana cewa mota ta koma shan mai kamar rijiya, a kai ta wajen makanike ya yi ta kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

Shi maleji juyin taya yake ƙirgawa, bai san ka canza komai ba. Babbar taya juyi ɗaya ta fi cin ƙasa, don haka gudun da kake yi ya fi wanda allura ke nunawa.

Fara da lambar jikin taya. 265/65R17 tsayinta wajen milimita 776 ne, 285/70R17 kuma wajen 831, ka raba sabuwa da tsohuwa za ka samu 1.07. Wato allura na kan 100 kai kana 107. In lissafin ya ba ka wuya, sa alli a taya da ƙasa, a tura motar juyi ɗaya cif, ka auna da tef, ka yi wa tsohuwar ma haka kafin ka bar wa mai faci ita, sai ka raba awon sabuwa da na tsohuwa. Ni dai na fi yarda da allin, musamman in 'yar Beljiyam ce da ta riga ta ci rabi.

Sai ka hau titi miƙaƙƙe kamar na Wudil, yaron mota ya riƙe waya da GPS, ka riƙe allura a kan 80 ya faɗa maka gudun da wayar ta nuna. Ba kai za ka riƙe wayar ba, don Allah.

To ga inda mutane ke faɗuwa, lissafin mai. Lambar kilomita ma ƙasa da ainihin tafiyar da ka yi take ƙirgawa. Ka cika tanki, ka je Maigatari ran Alhamis ka dawo, a ce mota ta rubuta kilomita 300 ka sake cikawa da lita 40, sai ka ce bakwai da rabi take yi a lita. A'a malam, ninka 300 ɗin da 1.07 tukuna, 321 ka yi, wato takwas kenan. Kuma a gidan mai ɗaya, famfo ɗaya za ka cika duka biyun har sai ya katse da kansa, in ba haka ba lissafin banza ne, don wasu famfunan Allah kaɗai ya san litarsu.

Abin da ya rage bayan wannan gyaran shi ne ainihin ƙarin shan man, kuma akwai shi, taya mai faɗi ta fi nauyi ta fi kama ƙasa, ga mota ta yi sanyi wajen tashi, in ka loda buhunan gero sai ka daɗe a giya ta biyu kana danna totur, kuloci na ji a jikinsa.

Sauran kuma, ka duba iska da safe kafin taya ta yi zafi, ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka ga ko tana gugar madigadi, safaya ma a saya mata girman 'yan uwanta, sannan ka ƙara tazara da na gabanka don birki ba zai kama kamar da ba.