Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Canza Bawul Ɗin Hita A Tsohuwar Mota

A Bauchi, mai tsohuwar mota ba ya tunawa da hita sai ranar da ya kama hanyar Jos da asuba a watan Disamba, ko ranar da ruwan Agusta ya sa gilashin gaba ya yi raɓa daga ciki har titi ya daina ganuwa. Wani kuma damuwarsa ita ce iska mai zafi da ke huro masa ƙafafu a tsakiyar bazara, ko da ya mayar da maɓallin dashbod wajen sanyi. A duka biyun, abin da ake fara zargi shi ne bawul ɗin hita, wanda ke buɗe wa ruwan inji mai zafi hanya zuwa ƙaramin lagireton da ke ɓoye a bayan dashbod, ko ya rufe masa. A motoci irin su Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna, kebul ne ke jan bawul ɗin. A wasu motocin iskar da inji ke zuƙa ce ke motsa shi, wasu samfurin Mercedes W123 da W124 kuma nasu na lantarki ne.

Kuskuren farko shi ne sayen sabon bawul kafin a tabbatar cewa tsohon ne ya lalace. Kanikawa da dama a nan suna cire tamostat, wato abin da ke hana ruwa zuwa babban lagireto har sai inji ya yi zafi, da sunan maganin zafin inji, kuma injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai yi ɗumi ba a lokacin hunturu, don haka hita ba za ta ba da zafi ba ko da bawul ɗin sabo ne fil. Haka abin yake idan ruwa ya yi ƙasa, ko tsatsa ta toshe ƙaramin lagireton, ko kebul ɗin ya kwance daga maƙalinsa. Gwajin ba shi da wuya. A bar injin ya yi zafi, a buɗe hita har ƙarshe, sannan a taɓa tiyo biyun da ke shiga cikin mota cikin hattara. Idan tiyon yana da zafi kafin bawul amma yana da sanyi bayansa, to ruwa ba ya wucewa, sai a cire kebul a motsa hannun bawul ɗin da yatsa don a gane ko shi ne ya cije ko kebul ne ba ya kaiwa. Idan duka tiyon biyu ɗumi-ɗumi ne kawai, a koma kan tamostat. Bawul mai yoyo kuwa ba ya ɓuya, domin yakan bar busasshen fari ko kore a jikinsa, kuma idan a ƙarƙashin dashbod yake, kafet yakan jiƙe yana wari mai zaƙi-zaƙi.

Kada a kwance komai sai injin ya huce sarai, domin murfin lagireto yana riƙe matsin da ke sa ruwan ya haura digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, kuma da zarar an sassauta kilif ɗin da ke ɗaure tiyo ruwan zai feso da tururi. A tara ruwan da aka zubar a cikin roba, kada a bar shi ya kwanta a ƙasa, saboda kulant, wato sinadarin da ake haɗawa da ruwan inji, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da awaki da kaji.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen cire tsohon tiyo. Robar da ta shekara talatin ko arba'in a wuri ɗaya takan manne wa bututun, sai a ga yaron gareji ya kama ta da filaya yana murɗawa da ƙarfi. Bututun ƙaramin lagireton a tsofaffin motoci na tagulla ne marar kauri, da dalma aka liƙa shi, kuma murɗawa kaɗan ta isa ta tsage liƙin. Daga nan aikin awa ɗaya ya koma na sauke dashbod gaba ɗaya, ga wahalar neman irin wannan lagireton a wajen masu kayan Beljiyam. Abin da ya dace shi ne a tsaga tiyon da reza a tsaye, a ɓare shi a hankali, a goge bakin bututun, a sa sabo. A ganina, duk wanda ya sayi sabon bawul ya mayar da tsohon tiyo bai yi tattali ba, domin tiyon ne zai fashe masa a kan hanya. A kuma auna faɗin bututun kafin a je kasuwa. Yawancin tiyon hita milimita 16 ne ko 19, kuma babba ba ya kama ƙaramin bututu komai ɗaurin da aka yi masa. Ɗaure tiyo da waya maimakon kilif, ko cusa gam ɗin silikon a baki, duk ɗinkin wucin gadi ne, kuma gutsuren silikon yakan bi ruwa ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. Shi ma kilif ɗin idan aka matse shi fiye da kima yakan yanka roba, ko ya fasa bakin bawul idan na filastik ne.

Bawul da yawa suna da alamar kibiya a jiki da ke nuna inda ruwa ke bi. Idan aka juya shi, ba lallai ne ya rufe sosai ba, sai zafi ya riƙa zuwa ko hita tana kashe. Kafin a kwance tsohon, a ɗauki hotonsa da waya. Ga masu aiki da zuƙar iska akwai wani tarko: wasu a buɗe suke zama sai an zuƙe su su rufe, wasu kuma akasin haka, alhali a ido kamarsu ɗaya.

Saita kebul ma ana yawan yin sa a gaggauce. A fara mayar da maɓallin dashbod ƙarshen sanyi, a tura hannun bawul da yatsa har ya rufe ruf, sannan a ɗaure rigar kebul ɗin a maƙalinta. Bayan haka mutum ɗaya ya riƙa motsa maɓallin, ɗaya yana duba ko hannun yana kaiwa ƙarshe ta ɓangarorin biyu.

Sai batun ruwan da ake mayarwa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna cikin abubuwan da ke kashe waɗannan bawul tun da farko, saboda gishirin da ke cikinsu yana taruwa ya daskare, ga tsatsa kuma tana cin ƙarfen inji. Wasu suna cewa kulant na ƙasashen ƙanƙara ne, ba namu ba, amma yana ɗauke da maganin tsatsa kuma yana ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa. A wanke hanyoyin ruwan har sai abin da ke fita ya daina yin ja, sannan a zuba kulant da tataccen ruwa rabi da rabi, sai dai idan an rubuta a jikin galan cewa an riga an haɗa shi. Yana da kyau a riƙa buɗe hita na ɗan lokaci kowane wata, har a bazara, domin bawul ɗin da ba a motsa shi shi ne ke cijewa.

Akwai masu gajiya da aikin su cusa tsohon fulogi a bakin tiyo su toshe. A wasu injuna wannan hanyar tana cikin zagayen ruwa lokacin da tamostat ke rufe, don haka idan dole ne a raba mota da hita na ɗan lokaci, haɗa tiyon biyu da juna ya fi toshewa aminci.

Fitar da iska shi ne matakin da ake tsallakewa saboda mai mota yana sauri. Iskar da ta maƙale takan hana hita aiki, har a ɗauka sabon bawul ɗin jabu ne, kuma tana iya sa kan silinda ya yi zafi ba tare da allurar zafi da ke dashbod ta nuna da wuri ba. Kan silindar 504 na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi ya ƙona gasket. A ajiye mota gabanta ya ɗan fi bayanta tudu, a buɗe hita har ƙarshe, a sassauta notin fitar da iska idan motar tana da shi, a tayar da inji murfin lagireto a buɗe, a riƙa ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa kuma babban tiyon sama ya yi zafi. Sai a rufe, a zaga gari da motar, a duba kowane kilif ko yana tsatsafo. Washegari da safe, injin yana sanyi, a sake duba ruwan a cika abin da ya ragu, a ƙara ɗaure kilif kaɗan domin sabuwar roba takan saki bayan zafin farko.