Shawara ga masu shirin gina zauren taro na unguwa

Jama'a, duk ƙungiyar da ke tara kuɗi domin gina zauren taro a Gusau ko Talata Mafara, ina ba ta shawara ta fara duba inda ginin zai fuskanta kafin a haƙa harsashi. A miƙar da tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, ta yadda dogayen bangwaye da tagogi za su kalli kudu da arewa, domin ranar yamma ita ce ke dafa ɗaki a watannin Maris da Afrilu, kuma daga gabas ne hadari ya fi bugo bango da damina.

Kada a raina tubalin ƙasa. Bango mai kauri yana riƙe sanyin dare har zuwa azahar, abin da bulon siminti mai rami ba ya iyawa, sai dai wajibi ne a ɗora shi a kan harsashin dutse da siminti, a kuma fitar da bakin rufi sosai don kada ruwa ya ci gindinsa. Idan kwano za a rufa, a ɗaga shi sama, a sa silin, sannan a bar ƙananan tagogi kusa da rufi inda iska mai zafi za ta fice. A ganina wannan ya fi fanka goma amfani a ranar da babu wuta.

A haɗa indararo da tanki, domin kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. A dasa darbejiya ta yamma tun yanzu, nesa kaɗan da bango saboda saiwa.