Kurakuran da masu fara hawan dutse ke tafkawa wajen sayen kaya

Duk wanda zai hau tsaunukan Shere da ke kusa da Jos, ko ya doshi Chappal Waddi a dajin Gashaka-Gumti, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419, ƙafarsa ce motarsa. Amma sai ka ga mutum ya kashe kuɗi a kan tabarau da hula, takalmi kuwa ya tsinto shi jiya da yamma. Nan matsalar take farawa.

Sabon takalmi ba a fara sa shi ranar tafiya. Fatarsa da tauri, dunduniya na gogar ta, kafin awa biyu ƙafa ta yi bororo. A saye shi mako uku kafin tafiya, a riƙa yawo da shi kullum, har da hawa bene. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a sa. Tsakanin babban yatsa da bakin takalmin a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu. Dalili shi ne gangara: in ana saukowa ƙafa na zamewa gaba, farce na dukan bakin takalmi, ya yi baƙi, bayan makonni ya fita.

Sai takalmin gwanjo, wanda shi ne ya fi ban haushi. Ba laifi ba ne sayen gwanjo, sau da yawa ma ya fi sabo na kanti ƙarko. Laifin shi ne a kalli sama a ƙyale ƙasa. Takalman hawan dutse da yawa suna da wata roba mai laushi tsakanin fata da tafin da ke taka ƙasa, kuma in takalmi ya yi shekaru a ajiye, danshi na cinye wannan robar ta ciki. Saman yana sheƙi kamar ba a taɓa sawa ba, amma kilomita biyar ya isa tafin ya ɓalle yana lilo kamar harshen kare. A wurin mai sayarwa za a gane: a lanƙwasa takalmin da ƙarfi, a danna gefen robar da farce. In ta tsage, ko tana marmashewa kamar busasshen burodi, ko tana manne wa yatsa, a ajiye masa kayansa komai arharsa. Gam ba ya gyara wannan. Wanda ya wuce gwaji ma, ni dai sai na kai wa baduku ya zagaye tafin da ɗinki. Masu son kada ruwa ya shiga za su ce ɗinki na buɗe ƙofa, gaskiya ne, amma jiƙaƙƙiyar ƙafa na kai mutum gida, takalmi marar tafi ba ya kaiwa.

Safar auduga na riƙe gumi, fata ta yi laushi ta saɓule. A nemi ta ulu ko ta roba mai kauri, a ɗauki guda biyu. Da an ji wuri ya fara zafi a tsaya a manna filasta, kada a jira ya tara ruwa.

Wandon jins kuma fa? Haba jama'a. In ya jiƙe nauyi yake yi, ya ƙi bushewa, ya goge cinya. Kuma sanyin sama ba na ƙasa ba ne: kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Wanda ya bar gindin dutse yana gumi zai kwana a sama haƙora na karo. Riga mara nauyi mai saurin bushewa, rigar sanyi a kanta, rigar ruwa a jaka ko da sama garau take.

Jakar goyo in babu ɗamarar ƙugu, kafaɗa ce za ta ɗauki komai. Kayan kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka: mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13. Kaya masu nauyi su zauna a tsakiya, jikin baya. A ja zif sau da yawa kafin a biya, a duba ɗinkin da ya haɗa hannun jakar da jikinta, don nan take fara yagewa. A shimfiɗa babbar leda a ciki saboda ruwan sama.

Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, shi ya sa ake ƙwauronsa. A lissafa rabin lita kowace awa, fiye da haka in rana ta take. Fiya wata na fashewa a jaka, gora mai murfi ta fi. Ruwan rafi a tafasa shi minti ɗaya, a saman dutse mai tsayi sosai minti uku.

Fitilar waya ba tocila ba ce, a sayi ta goshi da batir na canji. Guzuri kuwa dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun wadatar. Kilishi akwai daɗi, sai dai yajinsa zai sa a shanye ruwan gobe tun yau.