Babi na Shida: Saita Tashar Lissafi a Rikodar Masana'anta

Darasi na 1

Ku tsaya a gaban rikoda, wato na'urar da ke karanta awon masana'anta tana ajiyewa, ku dubi allonta. Za ku ga lambobi a jere: 001, 002, 003. Kowace lamba tasha ce, kuma kowace tasha tana da wayar da ta taso daga abin awo, ko na zafi, ko na gudun ruwa a bututu. Waɗannan su ne tashoshin awo. Akwai wasu kuma da ba su da waya ko ɗaya, aikinsu su ɗauki abin da tashoshin awo suka karanto su yi lissafi da shi. A rikodar Yokogawa samfurin DX, wadda muke koyo da ita, tashoshin lissafi daga 101 suke farawa. Kada ku zagaya bayan na'ura neman wayar 101, babu ita.

Kafin ku taɓa komai, ku nemi izinin shugaban aiki, sannan ku tsayar da lissafin da ke gudana. Muddin yana tafiya, na'urar ba za ta karɓi canji ba.

Darasi na 2

A ce ruwa yana shiga tukunya da zafin digiri 30, tashar 001 ke nan, yana fitowa da digiri 85, tashar 002. Muna son sanin zafin da ya ƙaru. Ku buɗe tashar 101, ku rubuta 002-001, kowace lamba da sifirinta. Amsa 55 ce. Idan kun ga 55, madalla, hannunku ya fara faɗawa.

In matsakaicin su biyun kuke so, ku fara ajiye 2 a gurbin K01, wurin ajiye lambar da ba ta canzawa, sannan ku rubuta (001+002)/K01. Bakan nan biyu wajibi ne. Da su amsa 57.5 ce, in babu su 72.5 za ta fito, domin na'ura tana fara rabawa kafin tarawa.

Darasi na 3

A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Tashar 003 tana nuna gudun ruwa, lita 60 a awa ɗaya. Muna son jimlar ruwan da ya wuce. A tashar 102 ku rubuta TLOG.SUM(003). Wannan ba wuya. Wuyar tana wurin da aka rubuta "Sum scale". Zaɓi huɗu ne: Off, /s, /min, /h. Harafin s daƙiƙa ke nan, min minti, h kuma awa.

Ku dubi tashar 003 tukuna. Me aka rubuta a gefen lambar? In /h ne, ku zaɓi /h. In /min ne, ku zaɓi /min. Abin da ke gefen lamba, shi za ku zaɓa.

Ga dalili. Rikodarmu tana karatu sau ɗaya a kowace daƙiƙa, wato sau 3,600 a awa. In kun bar ta a Off, duk karatu sai ta ƙara 60, bayan awa ɗaya ta nuna lita 216,000, alhali lita 60 ce ta wuce. In kun zaɓi /min bisa kuskure, 3,600 za ta nuna. Kamar mai awon hatsi ne da ya ƙirga tiya ɗaya sau sittin. Na'urar ba za ta yi ƙara ba, ba za ta nuna jan rubutu ba, lambar ƙarya za ta yi ta hawa har a kai ta ofis.

Ku sake. Ku ɗora yatsa a gefen lambar 003, ku karanta da ƙarfi. Yanzu ku koma "Sum scale". Sun zama iri ɗaya? Wanda bai samu ba kada ya ji kunya, ya sake.

Amma 'yan'uwa, abin da ba na so shi ne gaggawa. Na sha ganin magidanci da furfurarsa ya danna, ya danna, ya wuce wurin nan ko kallo bai yi ba, ya dawo yana cewa na'ura ta lalace. Na'ura lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka duba ba. Ruwan da aka rubuta ba daidai ba, wani ma'aikaci ne za a tuhuma a kansa, mai iyali kamarka. Ku duba gefen lamba. Ku zaɓi irinsa.

Darasi na 4

Ku ba tashar 102 iyaka ta sama mai yawa, domin jimla hawa take yi kullum.  Ku rubuta mata ma'auni, lita, ba lita a awa ba.

Darasi na 5

Ku ajiye saitin. Ku danna FUNC, ku zaɓi "Math start". Bayan awa ɗaya ku gwada jimlar 102 da abin da 003 take nunawa. In sun yi nisa da juna, ku koma Darasi na 3.