Maganin wiwi na likita: yadda ake samunsa a Ingila ta asibitin gwamnati ko na kuɗi, da abin da ɗan Kano zai yi a nan gida

Tambayar nan ta yi yawa a gari yanzu, musamman daga iyayen yara masu farfaɗiya da masu jinyar mai ciwon daji, wai an turo musu bidiyo a WhatsApp cewa Turawa sun gano man wiwi yana maganin farfaɗiya, to ina za su samu a Kano, asibitin Malam Aminu Kano za su je ko asibitin kuɗi? Wasu kuma 'ya'yansu ne ke karatu ko aikin jinya a Ingila suna son su san yadda tsarin yake a can. Toh bari mu bi abin a hankali, don magana ce da ta shafi lafiya kuma ta shafi gidan yari, duk biyun ba abin wasa ba ne.

Na farko dai, kuma dan Allah a riƙe wannan kafin a ci gaba da karatu, a Najeriya babu likitan da doka ta bashi damar rubuta maka wiwi a matsayin magani, ko na gwamnati ko na kuɗi, ko kwansaltan ne ko furofesa. Tun 1966 akwai dokar da ta haramta ta, sannan aka kafa NDLEA a 1989 da dokarta mai tsanani, wadda shigo da wiwi ƙasar ma hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kira a bari a noma ta don magani da kasuwanci, an yi surutu an gama, dokar tana nan yadda take. Wasu ƙasashen Afirka kamar Lesotho tun 2017 da Maroko a 2021 sun buɗe ƙofar noma ta don magani, mu dai bamu buɗe ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da "na asibiti" a kwalba zai aiko maka ta ɗan sahu, ba na asibiti ba ne, kuma zan dawo kansa a ƙasa.

Yanzu Ingila. Can ma ba daɗewa aka yi ba, ranar 1 ga Nuwamba 2018 dokar ta fara aiki, lokacin Sajid Javid ne ministan cikin gida, bayan hayaniyar da aka yi kan wasu yara biyu masu farfaɗiya mai tsanani, ɗaya daga cikinsu an ƙwace man da mahaifiyarsa ta taho da shi daga Kanada a filin jirgin Heathrow, yaron ya rikice har aka kwantar da shi. Abin da mutane basu gane ba shi ne dokar bata ce kowane likita ya rubuta ba. Sai babban likita wanda sunansa yake cikin rajistar ƙwararru ta hukumar likitocinsu ne zai fara rubutawa. Likitan unguwa da suke cewa GP bazai fara maka ba, iyakarsa ya tura ka gaba.

Idan ta hanyar gwamnati zaka bi, wato NHS, mataki na farko ka tabbata kayi rajista da GP a unguwar da kake, wanda duk ɗalibi ko ma'aikaci mai biza ta zama yana da wannan damar. Ka je ka yi masa bayanin ciwon da duk magungunan da aka gwada, ka nemi ya rubuta maka takardar turawa zuwa ƙwararren da ciwon ya shafa. Daga nan sai jira, kuma jiran NHS ba ƙarami ba ne, watanni ake yi. Amma ko ka ga ƙwararren, abin da zai iya baka iri uku ne kawai a mafi yawan lokaci. Akwai Epidyolex, ruwa ne na sha da aka tace sinadarin CBD zalla, wato ɓangaren da baya bugarwa, ana bayar da shi ga wasu nau'ukan farfaɗiya da basu da yawa kuma basa jin magani, irin su Dravet da Lennox-Gastaut, galibi tare da wani magani clobazam. Akwai Nabilone, kafso ne da ake bawa masu karɓar maganin ciwon daji idan amai da tashin zuciya sun ƙi tsayawa da sauran magunguna. Sai Sativex da ake fesawa a baki, na masu ciwon jijiyoyi da ake kira MS idan gaɓoɓinsu suna sandarewa, shi ma gwaji ake fara yi na sati 4, in ba'a ga sauƙin da ya kai kashi 20 cikin 100 ba a tsayar.

Kaga kenan mai ciwon baya, mai rashin bacci, mai damuwa, mai ciwon gaɓoɓi, duk basa ciki. Hukumar NICE wadda ke tsara musu abin da gwamnati zata biya ta fitar da ƙa'ida a Nuwamba 2019 tace kar a rubuta shi don ciwo mai daɗewa, don hujjar da ake da ita bata kai ba. Ni a ganina basu yi laifi ba da suka tsaya sai an kawo hujja, amma dole ka tausaya wa iyayen da yaransu basu faɗa cikin sunayen can ba kuma sun gwada komai. Daɗin NHS dai in ka dace shi ne kuɗi, ganin likita kyauta ne, magani kuma a Ingila ɗan kuɗi ƙayyadadde ake biya kan kowane guda, yara 'yan ƙasa da shekara 16 basa biya, mai farfaɗiya da mai ciwon daji kuma suna iya cike fom a yafe musu gaba ɗaya, ka tambayi GP fom ɗin don ba kowa ake tuna wa ba. A Sikotland da Wales kuwa kowa kyauta ne.

Hanyar kuɗi ita ce wadda kusan kowa yake bi a can, kuma ta fi sauri nesa ba kusa ba. Ba sai GP ya tura ka ba, kai da kanka zaka nemi kilinik ɗin ta intanet, amma kafin ka bada ko kwabo ka duba ko hukumar CQC mai sa ido kan asibitocin Ingila ta yi musu rajista, a shafinta ake dubawa. Zasu nemi taƙaitaccen tarihin jinyarka daga wajen GP, kana da haƙƙin karɓa, kuma abin da suke dubawa a ciki shi ne ko an tabbatar da ciwon a rubuce sannan an gwada maka aƙalla magani ko hanya biyu basu yi aiki ba. A nan ne 'yan uwanmu da basu daɗe da zuwa ba suke maƙalewa, don jinyarsu duk a Kano aka yi, fayil ɗin yana nan gida. In kana cikinsu ka sa wani ya je asibitin da kake gani ya nemi rahoton likita mai ɗauke da sunan ciwon da magungunan da tsawon lokacin da ka sha, da sa hannu da hatimi, ka kai wa GP ya shigar cikin tarihinka tukunna. Bayan haka sai ganawa da ƙwararren, yawanci ta bidiyo, in sun amince su tura takardar zuwa famasi na musamman a aiko maka har gida.

Komai da kuɗinka, ganin likita, komawa duba ka bayan wata ɗaya da duk bayan 'yan watanni, da maganin kansa duk wata, kuma NHS bata mayar maka da komai. Na manya ya danganta da yawan abin da aka rubuta, amma na yara akwai iyayen da suka fito suna kukan suna kashe sama da fam 1,000 a wata, ka juya wannan zuwa naira kaji. Shi yasa kafin ka fara ka tambaye su jimillar shekara ɗaya, kar ka tsaya kan kuɗin ganin farko da suke tallatawa. Kuma kar ka ɓoye musu komai, in kai ko wani a gidanku ya taɓa samun taɓin hankali ka faɗa, don sinadarin THC mai bugarwar yana iya tayar da shi, haka mace mai ciki ko mai shayarwa. Ko ganye aka rubuta maka doka bata yarda ka naɗa ka busa ba, akwai na'ura mai ɗumama shi ka shaƙi tururin. Ka bar shi cikin robarsa mai sunanka, ka riƙe kwafin takardar, in kana jin jiri ko bacci kar ka taɓa sitiyari. Maganar halasci ko haramci kuwa ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ka yi masa bayanin ainihin maganin da larurar, don CBD zalla da ganye mai bugarwa ba abu ɗaya ba ne.

Wani abu da nake so kowa ya ji da kunnen basira, takardar likitan Ingila bata aiki a filin jirgin Malam Aminu Kano. In zaka zo hutu ko biki ko ta'aziyya ka bar maganin a can, ka yi magana da likitanka tun da sauran makonni ya tsara maka abin da zaka riƙe a madadinsa, musamman mai farfaɗiya da bai kamata a yanke masa magani farat ɗaya ba. Haka in Umara ko Hajji zaka wuce, ko jirginka zai yada zango a Dubai, ƙasashen nan basa sassauci kan wannan ko kaɗan. Kuma dan Allah Hajiya kar ki matsa wa yaronki da ke can ya saƙo miki kwalba ɗaya cikin kaya ko ya bawa wani saƙo, tausayin jikanki zai sa ki jefa ɗanki ko ɗan mutane a hannun NDLEA.

Toh mu da muke nan fa? Mu koma kan kwalaben da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Ba lambar NAFDAC, ba wanda ya auna abin da ke ciki, baka san CBD nawa ba ne THC nawa ba ne ko ma man girki ne aka zuba wa kala. Ko na gaskiyar ma a can sai ana gwada hantar yaro lokaci zuwa lokaci, don yana iya taɓa hanta musamman in ana haɗa shi da sodium valproate, wanda yaranmu da yawa shi suke sha da sunan Epilim. Abin da yafi tayar min da hankali shi ne uwa ta ajiye maganin asibiti ta koma kan kwalbar, yaro ya shiga jijjiga mai tsawo wadda bata tsayawa, wannan yana kisa wallahi.

Gaskiyar magana yawancin masu farfaɗiya, kusan 7 cikin 10, suna iya daina faɗuwa da magungunan da muke da su a nan, carbamazepine da ake cewa Tegretol, da valproate, da phenobarbitone, da levetiracetam, in an gano nau'in ciwon daidai an bada adadin da ya dace kuma ana sha kullum ba fashi. Sau da yawa abin da ake cewa "ya ƙi jin magani" kuɗi ne ya yanke aka yi kwana biyar ba'a sha ba, ko yaro ya girma nauyinsa ya ƙaru adadin maganin yana nan yadda aka rubuta tun yana ɗan shekara uku, ko an sayi jabu. Saboda haka ka fara daga asibitin da ke kusa da kai, Murtala ko Nassarawa ko Hasiya Bayero in yaro ne, ka nemi takardar turawa zuwa kilinik ɗin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin Malam Aminu Kano, a yi gwajin EEG mai auna aikin ƙwaƙwalwa in likita ya ga da buƙata. Akwai layi, akwai sammako, ranar ganin likita tana iya yin nisa, amma a can ƙwararrun suke kuma kuɗin yafi sauƙi, in kana da inshorar KSCHMA ko NHIA ka tafi da katinka da takardar turawa daga asibitin da aka yi maka rajista. Asibitin kuɗi kuma zai rage maka jira ne, da yawa daga manyan likitocin suna zama a irinsu da yamma, sai dai ka tambaya tun a waya ko ƙwararren ƙwaƙwalwa ne zai gan ka da kansa, don ba amfani ka biya kuɗi mai yawa ka ga wanda shi ma tura ka zai yi. Wasu sukan haɗa biyun, su ga ƙwararre sau ɗaya a na kuɗi a daidaita magani, su ci gaba da karɓa a na gwamnati, kuma dabara ce mai kyau in dai kati ɗaya na tarihin magani kake yawo da shi.

Mai ciwon daji da zafin ciwo ya hana shi bacci shi ma akwai abin da doka ta yarda da shi, morphine na sha, manyan asibitocin koyarwa ne suka fi ajiye shi kuma sai da takardar likita, ka buɗe baki ka tambaya don wani lokacin in baka faɗi tsananin ciwon ba a paracetamol da tramadol za'a bar ka. Na amai kuma akwai ondansetron da ire-irensa.

Ranar da zaku je ganin likitan farfaɗiya ku tafi da duk kwalayen magungunan da ake sha har da na gargajiya da duk kwalbar da aka taɓa saya a intanet, kar a ji kunyar nunawa. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da ya faɗi da lokacin da minti nawa ya ɗauka, in da hali wani ya ɗauki bidiyo da waya yayin da wani ke kwantar da shi ta gefe, ba'a saka cokali ko yatsa a baki ba'a ɗura ruwa. Budurwa ko matar aure da ke shan valproate ta gaya wa likita kafin ta ɗauki ciki don yana cutar da jariri, akwai wanda za'a canza mata. Jijjiga kuma in ta wuce minti 5 bata tsaya ba, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a ɗauke shi zuwa ɗakin gaggawa mafi kusa nan take, ko na gwamnati ko na kuɗi.