Dokar ofis ta tsufa? Ga inda muke kwafsawa wajen neman gyara

Kowane ofis yana da dokar da kowa ya san ta tsufa amma ana ta binta a haka. Takardar neman hutu sai ta zaga tebur biyar kafin ta dawo, rajistar zuwa aiki a ja mata jan layi ƙarfe takwas alhali wanda ya sa hannun ya fice sai bayan azahar. Mu ƙananan ma'aikata kuma iyakarmu mita a gindin darbejiya ko a guruf ɗin WhatsApp.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ba ma bambance doka da "haka muka tarar". Kafin ka buɗe baki nemo inda aka rubuta abin, a littafin dokokin aikin gwamnati yake ko a sakula, wato takardar umarni da ake rarrabawa ofisoshi, ko kuwa wani darakta ne da ya yi ritaya tuntuni ya faɗa da baki kawai. In ba a rubuce yake ba to shugaban sashenku ma zai iya soke shi yau ɗin nan. Wani sa'in ma an riga an canza daga sama, ku ne labari bai iso muku ba. Gwamnatin tarayya ta maye littafin dokokin aikin gwamnati na 2008 da bugun 2021, ta kuma amince da hutun kwana 14 ga namijin da matarsa ta haihu, amma fa na tarayya ne wannan, kar ka ɗauka ka kai ma'aikatar jiha, kowace jiha da nata dokokin.

Wani kuskuren kuma shi ne zuwa wajen oga hannu rabbana, "ranka ya daɗe wannan tsarin ba kyau". To ya yi yaya? Buɗe littafin shige da ficen fayil, ka ƙirga kwana nawa takarda take yi a kowane tebur, ka rubuta shafi ɗaya tak, ka nemi a gwada sabuwar hanya a sashe ɗaya na wata guda, in ba ta yi ba a koma ta da. Oga ya fi saurin yarda da gwaji don ba a ce masa ya yi kuskure ba. Kuma ka same shi shi kaɗai tukuna, wanda ya taso da maganar a tsakiyar mitin gaban baƙi ya kashe ta da kansa, in ma oga ya kai ta sama da sunan tasa ce ka bar masa, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

Tsallake shugabanka ka rubuta wa babban sakatare kai tsaye shi ma ɓata lokaci ne, takardar za ta dawo teburin wanda ka tsallake ɗin ya yi sharhi a kai. Takarda mara suna kuwa ba mai ɗaukarta da muhimmanci. Ɗora hoton takardar ofis a Facebook ya fi duka muni, dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, takardar tuhuma za ka sha.

Masinja da akawun rajista kuma kar ka manta da su, su suka san inda fayil yake kwana, kuma in suka ga gyaran naka zai raba su da aikinsu to fayil ɗinka ne zai fara ɓata. In abin ya shafi albashi ko ƙarin girma, wannan ya wuce sashenku, sai ta hannun ƙungiyar ƙwadago.